Dawuda da Shafin Man Kaɗe

Yaushe rabonka da ka gyara wa mutum aikinsa, ya tafi, ya dawo maka da wani? Ina nufin ya dawo da ƙafarsa, da sabon aiki a hannu, ya ce duba mini wannan ma. Idan ka daɗe ba ka ga haka ba, zauna ka ji yadda ta kaya da Dawuda Yohanna na Minna, wanda ya shekara biyu yana neman abokin aiki, da ya samu kuma ya kusa korarsa da hannunsa cikin awa ɗaya da minti arba'in.

An haifi Dawuda a shekarar 1968 a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Mahaifinsa mutumin wajen Kafanchan ne, aikin canja wa jirgi layi ya kawo shi Minna, bai sake komawa ba. Hausa ta shigo wa Dawuda ta ƙofa biyu. Akwai ta titi, wadda Gwarawa da Nufawa da Yarabawa ke yi yadda ta zo bakinsu, akwai kuma ta coci, wadda ake karantawa a rubuce duk Lahadi. Ya riƙe duka biyun, amma ta rubucen ya fi ƙauna.

Shekara goma sha tara ya yi yana aiki a wani ɗakin gwajin ruwa mai zaman kansa a Chanchaga. Masu rijiyar burtsatse da masu fiya-wata su ne abokan hulɗarsa. Su kawo ruwa a kwalba, shi kuma ya yi wa kowace kwalba gwaji goma sha ɗaya. Takardun aikin iri biyu ne, kuma ka riƙe wannan don nan labarin yake. Akwai rajista, wani ƙaton littafi mai baƙin bango, inda ake shigar da kowane gwaji, wanda ya ci a ja masa ɗan ƙugiya da biro, wanda ya kasa a yi masa gicciye. Sannan akwai rahoto, shafi ɗaya tak da ake miƙa wa mai ruwa. A rahoto ba a rubuta komai sai abin da ya kasa. Mai rijiya ba ya son dogon bayani, so yake a faɗa masa inda matsala take ya je ya gyara. Dawuda ya rubuta irin wannan rahoto fiye da dubu shida, har hannunsa ya saba, har kansa ma ya saba.

A 2010 ya sayi modam, irin wanda ake soka wa kwamfuta a gefe. Cikin yawonsa ya ci karo da kundin ilimin nan na intanet wanda kowa ke da izinin rubutu a ciki da gyara rubutun wani, ya ga har da sashen Hausa. Ya nemi “ruwan sha”. Ya tarar da layi biyu. Layi biyu kacal, ga mutumin da ya ba ruwa ƙuruciyarsa. A ranar ya mayar da su layi talatin, kuma daga nan bai tsaya ba. Yakan yi rubutun da sassafe kafin ya fita, da lokacin hutun rana idan janareton ofis na aiki. Kafin Yulin 2012 ya rubuta maƙala ɗari biyu da goma sha huɗu.

Abin da ke damunsa shi ne kaɗaici. Daga duk jihar, a iya saninsa, shi kaɗai ke rubutu a sashen. Ya roƙi mutum talatin da ɗaya: 'yan kwaya masu waƙa a cocinsu, abokan aiki, ɗaliban jami'a da ke zuwa koyon aiki wurinsa. Tara suka buɗe suna. Biyu suka rubuta layi ɗaya ɗaya. Babu wanda ya koma.

Sai ranar Litinin, tara ga Yuli, ya buɗe kwamfuta ya ga sabuwar maƙala mai suna “Man kaɗe”, wata mai suna Kafayatu Minna ta rubuta. Jimla hamsin da takwas. Ta fara daga tsintar kaɗanya a gindin itace da farkon damina, ta bi ta dafa ƙwarar, shanya, fasa ɓawo, sheƙewa, daka, har zuwa suya, nan ta tsaya ta rubuta cewa sauran na nan tafe. Rubutu ne na wadda ta ga abin da idonta. Har ƙaurin suyar kamar ka ji shi. Dawuda ya karanta sau huɗu. Ya tashi ya zaga teburinsa sau biyu. Da ya koma gida ya ishi matarsa Theresa da labarin har tuwo ya huce.

Amma kafin ya bar ofis a ranar, ya riga ya yi abin da ya iya. Kowace maƙala a kundin tana da shafin tattaunawa a bayanta, inda masu rubutu ke barin wa juna saƙo. Dawuda ya ga aikin ya cancanci a duba shi da gaske, kamar yadda yake duba ruwan babban kamfani. Ya zauna awa ɗaya da minti arba'in ya bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta a sama, “Abubuwan da suka kasa”, ya jero ashirin da uku, kowanne da lambarsa, ya sa hannu. A ransa kyauta ya ba ta, mafi tsada da yake da ita.

Ranar Laraba ya buɗe shafin maƙalar ya tarar da shi fari fat. Ta share komai. Abin da ta bari layi ɗaya ne: “Tunda duka ya kasa, a goge shafin. Na gode.” A ƙasa kuma mai kula da sashen, wani mutum da Dawuda bai taɓa gani ba, ya rubuta cewa tunda mai rubutun ce ta nema, za a jira kwana bakwai, idan ba ta janye ba ranar Laraba mai zuwa za a goge.

Dawuda ya sake karanta layin. Ya san zai iya dawo da rubutun da kansa da dannawa biyu, don kundin ba ya mantuwa, kowane tsohon rubutu na nan a tarihin shafi. To ya dawo da shi ya yi yaya da shi? Maƙalar ta tsaya a suya. Shi bai san abin da ake yi bayan suya ba, bai taɓa sanin man kaɗe ba sai a gwangwani a kan teburin matarsa. Kuma ko ya sani, mutum yake nema. Ga mutum ta zo da kanta, ba wanda ya roƙe ta, ya sa ta juya.

Theresa ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, kuma ba ta da saurin tausayin mai laifi. Ranar Alhamis da yamma tana gyaran alayyafo a tsakar gida, ya zauna kusa da ita da kwamfuta a cinya.

“Karanta mini abin da ka rubuta mata, Baban Susan,” ta ce.

Ya karanta. Ta bar shi har lamba tara sannan ta ɗaga wuƙa.

“Ina gaisuwar?”

“Ba wasiƙa ba ce, Maman Susan.”

“To. Ina inda ka ce ka karanta sau huɗu? Ni na ji wannan labarin ranar Litinin har kunnena ya yi zafi. Ita ta ji?”

“Abin da ya ci ba a sa shi a rahoto. Kin sani.”

“A rahoto. A rajista fa?” Ta ci gaba da yanka. “Alhajin da ya kawo maka ruwan rijiyarsa ya san gwaji goma sha ɗaya kuke yi. In ya ga biyu a takarda, ya san tara sun ci, ya tafi yana murna. Yarinyar nan ta san nawa ka gwada? Ta ga ashirin da uku, ba ta ga komai a gefensu ba. Ni ma da share shi zan yi, in zo in same ka har ofis.”

Dawuda ya rufe kwamfutar. Shekara goma sha tara yana miƙa rahoto, bai taɓa lura ba cewa rahoton na da daɗin karɓa ne saboda mai karɓa ya san akwai rajista a bayansa.

Washegari ya tafi ofis da wuri. Ya ɗauko tsohon rubutun Kafayatu daga tarihin shafi, ya samo takardu, ya ja layuka da rula kamar na rajista, jimla ɗaya layi ɗaya. Ya bi su. Jimla talatin da tara daga cikin hamsin da takwas ba su da ko ɗigon matsala, ya ja musu ƙugiya. A gefen goma sha ɗaya daga cikinsu ya rubuta abin da ya koya, don gaskiya kafin Litinin bai san ana dafa ƙwarar kafin a shanya ba. Sannan ya juya kan ashirin da ukunsa, ya yi musu irin gwajin da ya yi wa nata. Goma sha uku ƙanana ne, irin waɗanda zai iya gyarawa da kansa. Ya gwada a takarda yana kallon agogo: minti shida. Rubuta ƙorafinsu kuwa ya ci masa kusan awa. Shida son ransa ne kawai, da shi ne da ga yadda zai tsara. Uku ne na gaske. Na farko, ba ta kawo littafi ko takarda ko ɗaya da mai karatu zai duba ya tabbatar ba. Na biyu, ta yi ta rubuta “Nna ta ce”, wato mahaifiyarta, alhali kundin ba ya magana da bakin mutum ɗaya. Na uku, ta ce man kaɗe yana warkar da ciwon gaɓoɓi.

Saura ɗaya, lamba goma sha bakwai. Ta rubuta cewa ba a tsinko kaɗanya daga kan itace, sai an jira ta faɗo da kanta. Shi kuma ya rubuta, “Camfi ne, a cire.” Ya daɗe yana kallon wannan. Me ya gwada kafin ya yi gicciyen? Bai gwada komai ba. A ɗakin gwajinsa, da wani ɗalibi ya yi masa haka, da ya sa shi ya sake daga farko.

Ya rubuta sabon saƙo a shafin tattaunawa, ya fara da gaisuwa, ya ba da haƙuri, ya faɗi talatin da taran. Ya jira har aka tashi aiki. Ba amsa. Ya gane ba ta ma leƙa shafin, kuma wa zai ga laifinta? Kwana biyu sun tafi, saura biyar.

A shafinta na kundin ta rubuta abu ɗaya game da kanta: tana buga takardu a Tunga. Ranar Asabar da hantsi Dawuda ya naɗe takardunsa a leda saboda hadari, ya hau babur ɗinsa. Shagunan buga takardu goma sha huɗu ya lissafa a unguwar. A na tara ya tarar da wata budurwa mai ruwan ƙasar hijabi tana bugun allon kwamfuta ba ta ko kallonsa.

“Sannu da aiki, Malama. Kafayatu nake nema.”

“Bugawa ko fotokofi?”

“Dawuda ne. Na kundin.”

Yatsunta suka tsaya. Ta dube shi daga hula har takalmi.

“Ashe kai ne Oga Ashirin-da-uku. Ni na ɗauka wani saurayi ne mai zafin kai. Ashe baba ne, har da furfura.”

“Furfurar ba ta hana ni ba, kin gani.”

“Na gani. Akwai wanda ka manta ne, ka kawo mini na ashirin da huɗu?”

Ba ta ce ya zauna ba, sai da mai shagon ya turo masa kujera da ƙafa. Sunanta Kafayatu Ndanusa, iyayenta mutanen Bida ne, mahaifiyarta na zaune a Maikunkele tana sana'ar man kaɗe tun kafin a haife ta. Duk wannan ta faɗa masa tana bugu, kamar mai karanta wa allon.

“Sati uku na yi a kan abin nan, Oga. A lokacin cin abincina. Nna tana faɗa mini da Nufanci a waya, ni ina juyawa. Na ce bari a samu wani wuri da aka rubuta aikinta, tunda mu 'ya'yanta huɗu babu mai yi. Sauran abubuwan da ka jero ba su dame ni ba. Lamba sha bakwai ce. Na karanta mata. Ta ce a tambayi mai maganar ko ya taɓa ganin itacen kaɗe.”

“Na gani. Daga kan babur.”

Ta so ta yi dariya, ta haɗiye. Ya warware ledar ya ajiye mata takardun a gefen allo. Ta ɗauka da yatsu biyu.

“Wannan kuma mene ne? Sakamakon jarrabawa?”

“Rajista ce. Ita ya kamata ki fara gani. Duk inda kika ga ƙugiya, jimlar ta ci.”

Ta bi shafi na farko, ta bi na biyu. Ya ga leɓɓanta na motsi, tana ƙirgawa. A wajen jimlar suya ta tsaya, inda ya rubuta a gefe, “Wannan ko ni ba zan iya rubuta ta haka ba.” Ta ninke takardun ta sa a jakarta.

“Ban ce zan dawo da shi ba. Gobe ina Maikunkele. In kana so, ka zo ka faɗa wa Nna camfi da bakinka.”

Ranar Lahadi bayan an tashi coci, Dawuda ya ɗauki Theresa a bayan babur, don ya ce ba zai shiga gidan mata shi kaɗai ba, ita kuma ta ce ba za ta yarda a ba ta labarin wannan rana ba, sai ta gani. Sun tarar da Nna Mariyamu a bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, gajeruwa, mai ƙarfin damtse, da ƙaton baho a gabanta. Azumi saura 'yan kwanaki, tana sauri ta gama abin da ta soya. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo ruwa a kofi, Nna ta ce a ba mai ruwa ya gwada kafin ya sha.

“Kai ne ka ce camfi, ɗana?”

“Ni ne, Nna. Na zo in ji dalili, wanda ya kamata in tambaya tun farko.”

Ta sa Kafayatu ta ɗauko ƙwarya biyu. A ɗaya akwai ƙwarar kaɗanyar da ta nuna ta faɗo da kanta. A ɗayar akwai waɗanda iska ta kaɗo ɗanyu, waɗanda take warewa gefe. Ta ba shi ɗaya daga kowace. Ta farkon cikakkiya ce, mai nauyi, da ya danna ta da farce sai wurin ya yi ƙyalli. Ta biyun ta motse, ba nauyi, ya danna ya danna bai ga komai ba.

“Itacen ya fi ka sanin lokacin da ya gama aikinsa,” Nna ta ce. “In ka tsinko, ka sha wahalar banza, mai kaɗan, kuma ba daɗi. Ina camfin?”

“Babu, Nna. Ni na yi kuskure. Ki yafe mini.”

“Na yafe. Naɗe hannun rigarka.”

Minti ashirin ya yi yana bugun baƙin ƙullun niƙaƙƙiyar kaɗanya a bahon da hannu, Nna tana zuba ruwa kaɗan kaɗan, tana ce masa hannun ma'aikacin ofis ba ƙashi, Theresa na dariya har da share hawaye. Da farin man ya fara tasowa sama kamar kumfa, Dawuda ya manta da ciwon kafaɗa. Wannan shi ne rabin da ba a rubuta ba, yana gani da idonsa, kuma ranar Laraba ko rabin farkon zai ɓace.

Duk da haka bai janye ukunsa ba. Bayan ya wanke hannu ya ce wa Kafayatu maganar ciwon gaɓoɓin ba za ta zauna haka ba, wani zai karanta ya ƙi zuwa asibiti.

“Ka ga, ya fara,” Kafayatu ta ce. “Man bai ma bushe a hannunsa ba.”

Nna tana can wajen baho ba ta ji ba, ta tambayi me ake cewa, aka maimaita mata da Nufanci. Ta dubi 'yarta.

“Ni na ce yana warkarwa? Na ce ina shafawa in ji sauƙi.” Ta buga gwiwarta. “Wannan ta warke ne? Shekara goma.”

“Nna, ke kuma a gaban baƙi.”

“Ki rubuta abin da na faɗa, ban da ƙarin gishiri.”

Suka rabu da la'asar, da gwangwanin mai a jakar Theresa. Kafayatu ta rako su har bakin titi, amma ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce za ta yi tunani.

Ranar Litinin Dawuda ya nemi izinin awa biyu, ya je ɗakin karatu, ya tono wata ƙasida ta malaman gona da ta yi bayanin sarrafa kaɗanya. Matakai shida na farko sun yi daidai da na Nna, har da maganar jiran 'ya'yan su faɗo. Ya rubuta sunan ƙasidar da lambar shafi a shafin tattaunawa, ya ce ga madogara, ba sai ta nema ba. Ya soke lamba sha bakwai da layi, ya rubuta a gefe cewa shi ya yi kuskure, inda kowa zai gani. Shafin maƙalar dai na nan fari.

Ranar Talata ya leƙa sau goma sha bakwai. Ya auna ruwan wani mai fiya-wata sau biyu don ya manta ya riga ya auna. Da rana wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, ya tsaya a kan mai gyara kamar shi zai ja igiyar. Ƙarfe uku da minti ashirin injin ya kama. Ya soka modam, ya jira shafin ya buɗe a hankali daga sama zuwa ƙasa, yadda ya saba.

Rubutu ne. Ya gangara, rubutu. Ya wuce suya, ga niƙa, ga bugu, ga tasowar farin mai, ga wankewa da dafawa da tacewa, har zuwa daskarewa a ƙwarya. Jimla ɗari da uku. Dawuda ya cire tabarau ya ajiye a kan rajista, ya jingina da kujera, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya da ya kwana shida yana riƙe da ita. Sai a lokacin ya ji yunwa, ya tuna bai karya ba. Ya kira Theresa, ya ce, “Ta dawo da shi.” Ta ce, “To ka ci abinci.”

A shafin tattaunawa Kafayatu ta bar saƙo: “Oga 23, na janye maganar gogewa. Na gyara biyu daga ukunka. Maganar cire sunan Nna kuwa ban yarda ba tukuna. Mu yi magana.” Kafin magariba mai kula da sashen ya cire sanarwarsa.

Sun yi maganar, sati biyu suna ja. A ƙarshe “Nna ta ce” ta fita daga cikin jimlolin, amma hoton hannayen Nna a cikin baho ya hau saman maƙalar, da sunanta a ƙarƙashi, da izininta. Nna ta ce da an faɗa mata da wuri da ta sa lalle. Ƙananan goma sha ukun nan kuwa, Dawuda ya gyara su da kansa shiru, minti bakwai, ɗaya ya ƙaru a kan lissafinsa saboda intanet ta tsaya.

Har yau bai daina rubuta rahoto a ofis yadda ya saba ba, don can haka aikin yake so. A kundin ne ya canja hannu. In ya ga sabon rubutu sai ya yi gaisuwa, ya faɗi takamaiman abin da ya tsaya da ƙafarsa, da lambar jimlar, don yabo na gaba ɗaya ba ya gaya wa mutum komai. Abin da zai iya gyarawa cikin minti biyar ya gyara, ba ya ambata. Ba ya wuce uku a saƙo ɗaya, ko da ya ga goma. Inda bai sani ba ya yi tambaya. Ba kullum take ci ba: wani malamin makaranta daga Zungeru ya karɓi saƙo irin wannan, mai laushi, ya tafi bai dawo ba, kuma Dawuda bai san dalili ba har yanzu. Amma zuwa ƙarshen 2014 masu rubutu daga Minna da kewaye sun kai biyar, uku daga cikinsu Kafayatu ce ta kawo su.

Ita ce ma ta fara duba tsohuwar maƙalarsa ta ruwan sha. Ta gaishe shi da girmamawa har da tambayar Maman Susan, ta yabi jimla ta huɗu da ta tara, sannan ta ce sakin layi na uku babu wanda zai gane shi sai mai farar riga da tabarau, a sauko da shi inda Nna za ta fahimta. Ya karanta ya ji wani ɗan zafi a ƙirji, na kamar minti biyu. Sannan ya duba, ya ga gaskiyarta, ya gyara.

Yanzu kai. A cikin satin nan wani zai miƙo maka aikinsa, ko maƙala ce a kundin, ko wasiƙar neman aiki, ko ɗinki, ko lissafin gini. Kafin ka buɗe baki, ɗauki takarda ka ja layuka. Ƙirga waɗanda suka ci, ka faɗa masa adadinsu da sunayensu. Ƙananan ka gyara da hannunka. Ka zaɓi uku da ba za su zauna ba, ka tsaya a kansu ba tare da kunya ba, wanda ba ka gwada ba kuma ka tambaya. Gwada sau ɗaya kawai, don Allah, sannan ka ƙirga kwana nawa zai yi kafin ya dawo maka da wani.